Waƙar Ɗaki Ba Ta Jiran Izinin Kowa

A shekarar 2008 wani saurayi Ba'abzine, bahago, ɗan yankin Abalak da ke jihar Tawa, ya tsallako daga Jamhuriyar Nijar zuwa Sakkwato don a ɗauki waƙoƙinsa. Sunansa Mahamadou Souleymane, amma yau an fi saninsa da Mdou Moctar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke, don a gidansu ba a son zancen kiɗa. A Sakkwato ya rera waƙoƙinsa da harshen Tamashek, aka ɗora musu gangar kwamfuta, aka bi muryarsa da Auto-Tune, manhajar nan da ke sa murya ta riƙa karkarwa tana lanƙwasa, daidai yadda ake yi wa waƙoƙin nanaye na finafinan Hausa a wancan lokaci. Aka sa wa kundin suna Anar. Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin, babu kantin da ya jera shi.

Duk da haka waƙoƙin sun yi tafiyar da mai su bai yi ba. Daga waya zuwa waya suka riƙa bi, ta Bluetooth da katin memori, a tashar mota da majalisar shayi da wajen biki, har suka kai Kidal a arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mutumin Portland, Christopher Kirkley, yana zaune yana musayar waƙoƙi da samari: su ba shi abin da ke cikin wayoyinsu, shi ma ya ba su nasa. Ɗaya daga cikin waƙoƙin Sakkwato, mai suna Tahoultine, ta faɗo hannunsa, kuma abin da ke rubuce a jikinta bai wuce guntun suna ba. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai ita. A 2011 ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, ya ware kashi 60 cikin 100 na ribar ga mawaƙan da ya iya ganowa. Shekara goma bayan haka, a 2021, kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundin Mdou Moctar mai suna Afrique Victime, masu sharhin kiɗa na Turai da Amurka suka sa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani.

Masu ba da wannan labari sun fi son ƙarshensa, wato ɗaukakar da ta zo daga waje. Amma tsakiyarsa ta fi ban sha'awa. Me ya sa direba a Agadas ko mai shago a Kidal zai ji waƙa a wayar abokinsa, bai san mai ita ba, bai ga hotonsa a allon talla ba, amma ya ce a tura masa? Ya bar mata wuri a memorin da ba ya ɗaukar abu mai yawa, wataƙila ma ya goge wata don ita? Wannan zaɓe ne da babu mai saye da kuɗi, kuma waƙar da ta ci shi ta ci da gaskiyarta.

Masana'antar kiɗa ta duniya tana hannun manyan kamfanoni uku: Universal da Sony da Warner. Sun riga sun shigo Nijeriya da ƙarfinsu. Warner ta ƙulla yarjejeniya da Chocolate City a 2019, Universal kuma ta sayi kaso mafi tsoka na Mavin a 2024. Ba laifi ba ne, kasuwa ce, kuma ta ɗaga mawaƙan Legas zuwa inda ba a taɓa zato ba. Sai dai duk wanda ya zuba miliyoyi a kan waƙa yana son ya tabbatar kuɗinsa za su dawo, hanyar tabbatarwa kuwa ita ce sabuwar waƙa ta yi kama da wadda ta yi kasuwa bara. Tsawonta ƙayyadadde, amshinta ya zo da wuri kafin mai sauraro ya latsa gaba, maganarta kada ta ɓata wa mai talla rai. Yaron da ke Gusau ko Maraɗi yana son ya yi waƙa a kan tsadar taki, ko a kan ƙanwarsa da aka yi wa aure ba ta so, ko yabon Manzon Allah na minti goma sha biyar, ba shi da kujera a wannan lissafi. Ba a kore shi ba, tun farko ba a san da shi ba.

Ƙasar Hausa ta san wannan bambanci tun kafin zuwan kwamfuta. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa yana da ubangida da rundunar 'yan amshi, kuma duk zurfin fasaharsa, wadda babu mai musunta, a kan sarauta take juyawa. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da za a iya ɓoyewa a cikin riga. Saboda kayan aikinsa ba su da nauyi, bakinsa ma bai yi nauyi ba: ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan talakan da babu mai tunawa da shi. Yaron da ke zaune gaban tsohuwar kwamfuta yana haɗa kiɗa da manhajar FL Studio ya fi kusa da Ɗan Maraya fiye da yadda shi kansa yake tsammani.

Wanda bai taɓa leƙa irin wannan ɗaki ba ya kamata ya leƙa. Shago ne ko ɗakin zaure, an manna kiret ɗin ƙwai a bango, an jingina tsohuwar katifa a kusurwa don ta shanye amsa-kuwwa. An ɗaura safa a kan zoben waya a gaban makirufo saboda iskar baki. Janareta yana can nesa a ƙarshen doguwar waya, don kada ƙararsa ta shiga. In za a ɗauki murya sai an kashe fanka, komai zafin bazara, mawaƙi yana rerawa gumi yana zuba a kan takardar baitocinsa. In ladan ya fara kiran salla a tsaya. In mai babur ya wuce da hon a sake. Mai kiɗan, wanda sau da yawa shi ne mai ɗauka, shi ne mai tacewa, yana da fiyano ƙirar Yamaha da maɓallansa suka fara dushewa, kuma ya san muryar kowane yaro a unguwar da inda take karyewa. A irin waɗannan ɗakuna, a Zoo Road ta Kano da Kaduna da Jos da Damagaram, aka yi waƙoƙin da suka raka aure da suna da yaƙin neman zaɓe na shekaru ashirin da suka wuce, haka nan ƙasidun sha'irai masu bege.

Abin da ke fitowa daga ciki ba ya rasa tabo. Murya takan ɗan fashe a sama, numfashi yakan shiga, wani lokaci har carar zakara. Injiniyan babban sutudiyo zai goge duk wannan, kuma da shi yake goge shaidar cewa mutum ne ya rera, a wani wuri, a wata rana.

Manyan mawaƙan duniya ma sun gane haka. A farkon 1982 Bruce Springsteen, wanda a lokacin yana cikin taurarin Amurka, ya zauna a ɗakin kwanansa a jihar New Jersey ya ɗauki wasu sababbin waƙoƙi a kan kaset, da wata 'yar na'ura ta Tascam mai layi huɗu wadda ta shigo kasuwa a 1979. Niyyarsa gwaji ne kawai, don ya nuna wa makaɗansa. Da suka shiga babban sutudiyo suka sake bugawa da cikakkun kayan aiki, sai ya ji wani abu ya salwanta: kaɗaicin da ke cikin muryar, da tsoron da ke cikin labaran. Ƙarshenta wancan kaset ɗin, wanda ya daɗe yana yawo da shi a aljihu, shi aka fitar a matsayin kundin Nebraska, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun aikinsa.

Kusa da gida akwai Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad, shi ma a yankin Abalak, wadda ta koya wa kanta jita da ta yayanta. Kundinsu na farko, ita da 'yan'uwanta mata, ya fito a 2016, kuma a fili aka ɗauke shi, a ƙauyen. Rabinsa jita ce da murya, rabinsa kuma tende, kiɗan matan Abzinawa da ake yi da turmi an rufe bakinsa da fatar akuya, ana tafi ana amshi. Wanda ya saurara zai ji faɗin wurin a cikin sautin. Da an kai su ɗaki mai gilashi a Faransa an raba su, kowace da abin sauraro a kunne, da an sami sauti mai tsabta, amma da wuya a sami wannan sakewar ta mata da ke waƙa a inda suka saba. Wannan batu yana da muhimmanci ga ƙasar Hausa, inda yarinya mai murya da baiti ba kasafai za a bar ta ta kwana a sutudiyo cikin maza ba. Waya mai kyau da ɗaki mai shiru sun buɗe mata ƙofar da a da a rufe take.

A nan akwai gyara guda da ya wajaba. Talauci ba ado ba ne. Akwai masu sauraro a Turai da ke son shuuu ɗin tsohon kaset don kansa, suna ganin in waƙar Afirka ta yi tsabta to ta rasa asali. Wannan raini ne da ya sa rigar yabo. Mawaƙin da ke ɗauka da makirufo mai araha yana yin haka ne don shi ya samu, kuma ranar da ya sami mafi kyau zai karɓa da hannu biyu, kamar yadda Mdou Moctar ya yi. Ɗaki ma ba ya nufin aiki maras inganci. Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana na gidan iyayensu a Los Angeles suka ɗauki kundinta na 2019, wanda ya kwashe manyan kyaututtukan Grammy a 2020, har da ta ingancin ɗaukar sauti. Sai dai ita tana ƙarƙashin Interscope, reshen Universal, da duk ƙarfin tallansa a bayanta. Ɗauka a gida daban, mallakar kai daban. Abin da ya cancanci a kare shi ne na biyun: mawaƙi ya zaɓi abin da zai faɗa, da harshen da zai faɗa, da ranar da zai sake shi.

Darajar wannan 'yanci ta fi bayyana a lokacin da ake son a rufe baki. Ƙungiyar Tinariwen ta samo asali ne daga samarin Abzinawa 'yan gudun hijira a Aljeriya da Libiya, a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980. Ba su da cikakken sutudiyo. Duk wanda ya zo da kaset fanko sai su rera masa a rakoda, shi kuma ya tafi da shi, a kwafa, a sake kwafa, har saƙonsu na kewar gida da kukan zalunci ya game hamada, a lokacin da gidajen rediyon gwamnati ba za su taɓa sa su ba. A 2012 suka karɓi Grammy da kundin Tassili, wanda shi ma a hamadar kudancin Aljeriya aka ɗauke shi. A Kano kuwa, a 2009, wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, a kan waƙarsa Hasbunallahu. Waƙoƙin ba su daina yawo ba, don ba a kanti suke ba balle a kwashe. A aljihun jama'a suke.

Gaskiya ne ƙofar da babu mai gadi kowa na shiga. Ta nan batsa ke shigowa, da zage-zage, da waƙar da ɗan siyasa ya biya a ci mutuncin abokin hamayyarsa, kuma TikTok ya ƙara wa abin gudu. Iyayen da ke kuka da wannan suna da hujja. Amma wanda ya yi ƙazafi akwai dokar da za ta kama shi da sunansa, ba sai an sa kowane mai baiti ya yi layi a ofis kafin ya buɗe baki ba. Tacewa kafin fitarwa ta fi cutar da mai gaskiya maras galihu, domin mai kuɗi da ubangida ya san hanyar da zai bi.

Babban ciwon yana wajen kuɗi da suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai tura waƙoƙi a kasuwa yana cika memori ya karɓi nasa, kamfanin sadarwa ya ci kuɗin data, mai shafin da ya ɗora waƙar ya ci na talla, wanda ya yi gumi a ɗakin da aka kashe fanka kuwa sai dai ya ji muryarsa tana tashi a Keke Napep ya yi murmushi. Abincinsa yana wajen biki da liƙi da waƙar da wani mai hali ya saya, wanda ke nufin ubangidan da aka gudu ya dawo ta taga. Manyan manhajojin sauraro ba su share masa hawaye ba. Tun daga 2024 Spotify ba ya biyan ko sisi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata goma sha biyu, kuma masu sauraron mawaƙin Gusau galibi ba a can suke ba, suna Xender da WhatsApp. Da zarar waƙa ta bi ta WhatsApp kuma, sunanta yakan koma haruffa uku da jerin lambobin kwanan wata. Ta kai Kumasi ko Kartum ana jin daɗinta, ba a san ko ta wane ce ba.

Akwai hanyoyin da aka gwada suka yi aiki. Shafin Bandcamp, wanda aka kafa a 2008, yana barin mawaƙi ya sa farashinsa da kansa, shafin ya ɗauki kashi 15 cikin 100 na cinikin waƙa ya bar masa saura. A 2020, kamfanin Kirkley, Sahel Sounds, ya fito da wani tsari mai suna Music from Saharan WhatsApp. Kowane wata wata ƙungiya za ta ɗauki 'yan waƙoƙi da wayar hannu, ta aika ta WhatsApp, a ɗora a Bandcamp na tsawon wata guda, kuɗin da aka samu duka ya koma wa masu waƙar. Etran de l'Aïr, makaɗan biki na Agadas 'yan gida ɗaya, su suka buɗe fagen. Babu wani abu a cikin wannan tsari da ya fi ƙarfin matasan Kano ko Yamai, musamman yanzu da tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare. Abin da ya rage shi ne mai sauraro ya yarda cewa waƙar da ta raka shi wata uku ta cancanci ko da kuɗin katin waya ne.

Sai batun ɓacewa, wanda ya fi kowanne saurin aukuwa kuma ba a cika kula da shi ba. Wani mutumin Kumasi, Yaw Atta-Owusu, da ake kira Ata Kak, ya ɗauki kundinsa Obaa Sima a gidansa a Toronto, aka buga kaset kusan 50 a 1994, kusan babu wanda ya saya. A 2002 wani ɗalibi Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya tsinci guda a teburin mai kaset a Cape Coast, ya shafe shekaru yana neman mai shi, aka sake fitar da shi a 2015, mutumin ya hau dandamali a Turai da furfurarsa. Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa na organ a 1978. 'Yan Nijar sun yi shekaru suna jin sa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, amma kaset ɗin kansa ya kusa ƙarewa a duniya, sai da aka ci karo da kwafi a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai aka sake buga shi a 2013. A wannan shekarar ce kuma Sahel Sounds ta fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a kan faifan garmaho, don masu saye a Amurka da Turai.

Waɗannan baƙi sun yi aikin kirki, sun nemi masu waƙa sun biya su, kuma babu dalilin jin haushinsu. Abin da ke da ciwo shi ne kowane ɗaya da aka tsinta, akwai ɗaruruwa da suka tafi. Kaset yana iya shekara talatin a cikin akwati ya yi magana. Katin memori kuwa rana ɗaya yake mutuwa, kwamfutar sutudiyo ta ƙone da wutar da aka kawo da ƙarfi, aikin shekara goma ya bi iska. Malamai irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun daɗe suna nazari da rubutu a kan waƙar Hausa ta zamani, amma aikin adanawa ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Wani ɓangaren maganin yana hannun masu waƙar. Mai kiɗa ya rubuta sunan mawaƙi da garinsu da shekara a cikin bayanan fayil ɗin, mawaƙi kuma ya ambaci sunansa a cikin waƙar yadda magabata suke yi. A ajiye asalin ɗauka a wuri biyu. A rubuta 'yar takarda tsakanin mawaƙi da mai kiɗa a kan wa ke da me, tun ana dariya, domin sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023, da hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA a Nijar, ba za su iya taimakon wanda ba shi da shaida ba.

Ɗaya ɓangaren na cibiyoyi ne: Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa na Kaduna, da cibiyar CELHTO ta Yamai da aka kafa don adana abin da aka gada ta baka. Sun tara waƙoƙin fada da na malamai, kuma sun kyauta. Yanzu lokaci ya yi da za su tura ɗalibai da na'urar ajiya zuwa shagunan masu tura waƙoƙi na kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da takwarorinsu na Kaduna da Maraɗi da Damagaram. A kwamfutocin waɗannan mutane ne mafi yawan waƙoƙin ɗaki na shekarun Bluetooth suka rage, su ne kuma suka san wace waƙa ta wane ce da shekarar da ta fito. Sana'ar tasu tana ja da baya tun da mutane suka fara sauke waƙa da kansu daga intanet, kuma mai shagon da ya koma sayar da caja da gilashin waya ba zai ci gaba da ajiyar tsohuwar kwamfuta ba.